Bangon da Khala Rakiya Ta Dafa

Ku da kuke taruwa a bakin warshata da yamma, kuna zaune a kan tsofaffin tayoyi kuna shanye min shayi, kada ku zaci ba na jin abin da kuke faɗa. Wai aikin karafan ba aiki ba ne, akwati ne kawai da aka sa wa taya, duk wanda ya kalli bidiyo a waya zai iya. Madalla. Ni Haruna a unguwar Ammariyya nan Jidda aka haife ni, kakana ne ya zo Hajji a ƙafa bai koma ba, kuma tun kafin gashin baki ya fito min nake buɗe bangon waɗannan ɗakuna da mota ke ja. Yau gemu ya yi fari, amma har gobe akwai bangon da nake tsayawa a gabansa ina sosa ƙeya. Tunda kun ƙi tashi, bari in ba ku labarin bango ɗaya.

Wata safiya ina yankan falanki sai ga Ammu Isiyaku ya shigo, riƙe da wani ƙarfe mai sheƙi, irin wanda ake kafawa a banɗakin asibiti don marar lafiya ya kama ya miƙe. Ammu Isiyaku tsohon direban bas ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigilar alhazai tsakanin Jidda da Makka da Madina, kuma mutum ne mai surutu, in ya shigo wuri sai kowa ya san ya shigo. Ran nan ko sallamarsa da ƙyar na ji. Ya ajiye ƙarfen a kan teburin aiki, sukurorin na nan a jikinsa, kowanne da ɗan farin soso maƙale a zarensa.

"Shuf, ya Haruna," ya ce. "Duba abin da ya kayar min da tsohuwa."

Tsohuwar ita ce matarsa, Khala Rakiya, aminiyar mahaifiyata tun suna 'yan mata, ta goya ni ta kuma dake ni. Shekara da shekaru al'adarsu ce duk Juma'a in an sauko daga masallaci su ja karafan zuwa bakin teku, can arewa da gari inda babu cunkoso, 'ya'ya da jikoki su biyo su da tukwane. Ita ba ta shiga ruwa, ba ta ma son yashi a ƙafarta. Zama take yi a bakin ƙofar karafan da butar shayi tana ba kowa umarni, kuma wannan zaman shi ne abin da take jira duk mako. Da gwiwoyi suka fara ba ta wahala, sai babban ɗansu Fahad ya sayo sabon karafan, fari fat, mai santsi, tsohon kuma ya kai shi wani fili ya ajiye. Shi da kansa ya ɗaura mata wannan ƙarfe a banɗaki, don ta riƙa kamawa in ta gama alwala. Ranar farko ta kama ta miƙe lafiya. Juma'ar da ta biyo baya ta kama da ƙarfinta duka, ƙarfen ya biyo hannunta, ta zube tsakanin ƙofa da bango.

"Ta karye?" na tambaya.

"Alhamdu lillahi, ba karaya. Ƙugu ne ya bugu, ya kuma warke. Amma halas, shi ke nan, ta ce ita da karafan har abada. Tun ranar ba ta leƙa ko ƙofar gida ba, daga ɗaki sai banɗaki. Jikoki su zo su yi ta roƙo, sai ta ce su je su gaishe mata da teku. Ya Haruna, matar nan tana ƙarewa a zaune ina kallo."

Na sha ganin yadda zaman ɗaki ke cinye tsofaffi, ba sai ya yi min dogon bayani ba.

Na ɗauki ƙarfen na murza sosan da ke jikin sukurun, ya wargaje a yatsuna. A nan ne ya kamata ku buɗe kunne. Bangon sabon yayi ba gina shi ake yi ba, manna shi ake yi. A masana'anta za su shimfiɗa faiba, wato wannan farar fata mai santsi da kuke gani daga waje, su ɗora siririn falanki, su ɗora farin soso mai tauri irin wanda ake tallafe firji da shi a cikin kwali, su jera bututun alminiyam nan da can a cikin sosan, su rufe da wani siririn falankin na ciki. Kowane tsakani an shafe shi da gam, sai inji ya matse su su zama allo guda, daga baya a yanke ƙofa da tagogi. In ka ɗaura sukuru inda bututu yake, ya kama. In ka kauce da faɗin yatsa, to siririn falanki kawai ka kama, bayansa kuwa soso. Zai riƙe maka agogon bango, zai riƙe tawul, amma ba zai riƙe Khala Rakiya ba.

Kada ku ce na tsani wannan bango, ban tsane shi ba. Ba shi da nauyi, ƙaramar mota ma tana jan sa. Yana riƙe sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, fiye da na da, kuma a garin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙura ba ta samun wurin maƙalewa, gara ba ta cin alminiyam. Aibinsa shi ne ba ya son a taɓa shi. Akwai wani mutumin Aziziyya da ya bar nasa a rana har zafi ya wuce, gefen da ke kallon yamma ya yi tozo, gam ya saki, fatar ta rabu da falanki. Na huda ƙananan ramuka, na ɗura gam da sirinji irin na allurar dabbobi, na matso da karafan kusa da katangar warsha, na tokare shi da faffaɗan katako da jak na mota, muka bar shi ya sha matsa. Ya kwanta, amma in ka tsaya daga gefe rana na faɗuwa za ka ga tabon. Na gaya wa mai shi tun kafin in fara, irin wannan bango in ya buɗe, lallashi kawai ake yi.

Duk da haka ban yanke hukunci a kan karafan ɗin Fahad ba sai da na je na gani. Na ce ya kunna mukayyif ya bar shi ya kwana yana aiki, ni kuma na iso da sassafe. Wannan dabara ce da laimar Jidda ta ba mu kyauta. Alminiyam yana jawo sanyin ciki ya kawo shi waje, raɓa kuwa sai ta kwanta daidai kan bututun, ka ga layuka a jikin bango tsaye da kwance, ƙashin karafan gaba ɗaya ya bayyana ba tare da ka huda ko'ina ba. Na bi layukan da alli. A bangon banɗaki bututu ɗaya na can lungu, ɗaya na bayan madubi, tsakaninsu kuwa, inda hannun mutum zai kai, babu komai.

Fahad yana tsaye a bayana, jikinsa a sanyaye. Yaron kirki ne, Hausarsa ce dai gajera, in ya fara da ita sai ya ƙare da Larabci.

"Ya ammi, wallahi na ɗaure shi sosai. Na ja da hannuna, ma taharrak, ko motsi bai yi ba."

"Na sani. Kai ja ka yi kana tsaye. Ita rataya ta yi tana tashi, nauyinta duka a hannu ɗaya. Ba ɗaurinka ba ne, babu abin kamawa ne a ciki."

Na ce ana iya huda bangon har waje, a sa farantin ƙarfe ta baya a ɗaure da noti. Zai riƙe, sai dai an buɗe wa ruwa hanya, kullum sai an bi shi da silikon. Ammu Isiyaku ya girgiza kai.

"Ko da zinare ka ɗaure shi ba za ta shiga ba. Amma jiya na ji tana tambayar jikarta wai ina aka kai namu na da."

Ashe abin da ya kawo shi wurina ke nan tun farko, sai da ya gama zagaye-zagayensa na direba.

Aka jawo tsohon karafan daga filin da ya daɗe yana shan rana, tayoyi sun tsattsage, fenti ya koɗe, kyanwa ta haihu a ƙarƙashin gado. Irin ginin da ne. Ƙashinsa katako, sanduna a tsaye jere kamar haƙarƙari, an cusa audugar gilashi a tsakaninsu, wadda in ta taɓa fatarka za ka yini kana susa. Ciki siririn falanki, waje kuma fallayen alminiyam masu layi-layi, kowanne ya hau kan ɗan'uwansa. Ban ɗauki ko sukurudireba ba. Na naɗe hannun riga na fara ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa, daga gaba zuwa baya, daga sama zuwa ƙasa.

Wannan ƙwanƙwasa a wurin Mu'allim Sale na koye ta, Allah ya jiƙansa. Shi asalinsa kafintan jiragen masunta ne, da aikin ya ja baya ya koma gyaran ɗakunan katako da kamfanonin hanya ke ja wa ma'aikatansu. Ranar da mahaifina ya kai ni wurinsa na zaci za a ba ni zarto. Sai ya nuna min wani tsohon ɗaki ya ce in buga. Na buga. "Esh simi't? Me ka ji?" Na ce na ji ƙara. Ya ce, "Ƙara ai jakin mai ruwa ma ya ji. Sake." Haka na yi ta bugun bango har yatsuna suka yi kanta, maƙwabtan warsha suna tsokanata wai an ɗauke ni aikin sallama a gidan da ba kowa. Sannu a hankali kunne ya buɗe. Inda sanda take, sautin gajere ne, a tsuke. Inda babu komai yana da faɗi. Inda katako ya sha ruwa kuwa mutuwa sautin yake yi a ƙarƙashin yatsa, kamar ka bugi buhun gari. Bayan kunne sai hanci, don ruɓaɓɓen katako yana da wari irin nasa, sannan basilla, wadda yake sokawa a gindin kowace sanda. Basillarsa ce a aljihuna yanzu haka, kuma duk da na'urar auna laima da ɗana ya sayo min, sai na soka ta hankalina ke kwanciya.

Karafan ɗin Ammu Isiyaku ya amsa da kyau ta gaba da ta gefe, rufin ma lafiya. Da na iso kusurwar banɗaki na durƙusa, sai sautin ya mutu. Na soka basilla a gindin sanda, ta shige kamar a cikin dafaffen dankali. Ban yi mamaki ba, don yawancin karafan da ke shigowa warshar nan ta nan suke mutuwa. Waɗanda suka ƙera su a ƙasashensu ruwan sama suke tsoro, shi ya sa duk hikimarsu ta tafi kan rufi da bakin taga. Ba su san da mutanen da za su shiga wannan ɗan ƙuntataccen banɗaki kowace salla su wanke fuska da hannu da ƙafa ba, ga tiyon tsarki, ga kuma matanmu da ba sa yarda an wanke wuri sai sun kwara bokiti sun bi da abin jan ruwa. Mu a nan ruwan sama baƙo ne. Ruwan alwala ne ke cin bangonmu, daga ciki, daga ƙasa. Yana bi ta inda bango ya haɗu da daɓe, katako ya sha ya bushe, ya sha ya bushe, har ya gaji.

Na ɓalle falankin ciki na nuna musu. Gindin sandunan ya yi baƙi, yana marmashewa. Fahad ya toshe hanci.

"Shuft, ya abuya? Ka gani, baba? Haza kharban, ya lalace. Ga nauyi, ga ruɓa. A nan za mu sa ummi?"

Ammu Isiyaku ya juyo ya kalle ni.

"Gaskiya ya faɗa," na ce. "Yana da nauyi, yana ruɓewa, gara na son sa, kuma in ka bi da shi hanya mai gargada sukurorinsa suna kwancewa. Amma duba inda ruɓar ta tsaya." Na ɗaga basilla zuwa daidai gwiwata na soka, ta ƙi shiga. "Daga nan zuwa sama lafiyarsa ƙalau. Wannan bangon ana buɗe shi, a cire abin da ya mutu, a sa sabo, a rufe. Kuma duk inda na ga dama zan iya sa katako a ciki."

Ba da ka na faɗi haka ba, shekarar ruwa ce ta koya min. Wasunku suna ƙanana lokacin. Sama ta buɗe, kwari ya cika ya shigo unguwa, warsha ta zama tafki. Falankin da na tara duk ya kumbura ya bubbuɗe, injin yanka ya sha laka, karafan ɗin mutane da ke hannuna suka tsaya cikin ruwa har saman taya. An daɗe ba wanda ya kawo sabon aiki, kowa na ta kansa, ni da iyalina muka koma cin abin da ya samu. Masu bangon faiba suka zo suka ga nasu yana sheƙi bayan an wanke laka, suka ja abinsu suna hamdala. Masu na katako kuwa kamar su yi kuka, don nasu ya yi baƙi yana wari. Na bi karafan ɗin nasu ɗaya bayan ɗaya, na buɗe gindinsu iska ta shiga, na canja abin canjawa. Da zafi ya kankama sai ga masu faiba suna dawowa. Ruwan da ya shige tsakanin fata da falanki bai sami hanyar fita ba, bango ya yi ƙuraje daga ƙasa har taga. Wasu na lallaɓa, wasu na ba masu su haƙuri. Na katakon nan kuwa har yau ina haɗuwa da wasunsu a hanyar teku.

Bangon Khala Rakiya a tsanake na yi shi. Na cire fallayen alminiyam na waje ina lallaɓa su don kada su lanƙwashe, na jera su bi da bi yadda zan mayar. Na tokare rufin don kada ya zauna, na yanke ruɓaɓɓen gindi har inda zarto ya fara fitar da farin gari mai ƙamshi. Sabon katakon na shafe shi da maganin gara, na haɗa shi da tsohon da gam da sukuru, kowace sanda na yi mata ƙawa a gefe. Mu'allim Sale ba ya yarda da ƙusa a abin da zai hau hanya, ni ma haka. A daɓen banɗaki na shimfiɗa faiba na naɗo ta ta hau bango kamar taƙi guda, ta zama faranti, don ruwa ya rasa inda zai bi. Kun ga ke nan faibar ma tana da ranarta a wurina.

Saura abu ɗaya, shi ne kuma ainihin aikin. A ina za a sa katakon da zai riƙe ƙarfen? Fahad ya ce a duba yadda ake sawa a asibiti. Na ce na asibiti don kowa aka yi shi, mu kuwa mutum ɗaya muke yi wa. Wani yana kamawa sama ya ja, wani yana dafawa ƙasa ya tura, wani da dama, wani da hagu. A ƙa'idata mai abin ne ke zuwa ya dafa bango in sa alama. Ammu Isiyaku ya je ya dawo.

"Ta ce in gaya maka ba ta zuwa. Ta ce kuma tun kana yawo ba wando ta san ka, ba kai za ka gwada ta kamar yadin shadda ba."

"To kai da ka zauna da ita shekara da shekaru, da wane hannu take kamawa?"

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya ɗaga dama, ya sauke, ya ɗaga hagu. Mutumin da ya haddace kowace kwana ta hanyar Madina, sai ga shi yana kallon hannuwansa.

"Wallahi ma adri, ban sani ba," ya ce, kunya ta kama shi.

Sai na ce zan je gaisuwa, ai ba a hana ɗa gaida uwarsa. Gidansu a Nuzla yake, tsohon gini mai siririn lungu daga ɗakinta zuwa banɗaki. Na same ta a bakin gado, ta rame har raina ya sosu, muryar dai na nan.

"Haruna, an aiko ka ne ko kai ka aiko kanka?"

"Gaisuwa na zo, ya khala."

"Gaisuwa da abin awo a aljihu? Ina ganin sa. Sha shayinka ka tashi, ni na gama da akwatunanku."

Na sha shayi, muka yi hirar mutanen da, ban ce mata uffan a kan karafan ba. Da na fito zan tafi, Ammu Isiyaku ya kunna fitilar lungu don in ga takalmina, sai idona ya sauka a kan bango. Fentin ruwan madara ne, amma a ɓangaren hagu, daidai ƙuguna, akwai wani dogon layi da ya yi duhu yana ɗan sheƙi, tun daga ƙofar ɗakinta har ƙofar banɗaki. A bakin banɗakin layin ya zama tabo mai faɗi, ya ɗan karkata sama, inda take dafawa ta tura jikinta ta haye dokin ƙofa. Man zaitun da take shafa wa gwiwa da lallen hannunta ne suka daɗe suna zama a wurin. Na ciro abin awo na auna daga ƙasa, na auna karkatar.

Ammu Isiyaku ya tsaya yana kallon layin kamar yau aka zana shi. Ya ɗora tafinsa a kai a hankali.

"Kullum ta nan nake wucewa," ya ce. "Har cewa nake zan sa a yi fenti."

Daga ciki muryarta ta taso. "Me kuke yi min a lungu kamar ɓarayi?"

"Takalmi nake nema, ya khala!"

Ashe da hagu take dafawa, kuma turawa take yi, ba ja ba, ƙasa sosai da inda Fahad ya sa nasa. Na koma warsha na yanko katako mai kauri, faɗinsa ya fi tafin hannu, na kwantar da shi tsakanin sanduna daidai wannan awo, na ɗaure shi ta kowane gefe. Ban tsaya a banɗaki ba, na bi da shi duk tsawon bangon har ƙofar fita, yadda layin gidanta ya tafi. Na mayar da auduga, na rufe da sabon falanki, na mayar da fallayen waje. Ƙarfen kuwa na ce Fahad ne zai ɗaura shi da hannunsa, shi dai wannan da ya faɗi da ita, da wani dogo da muka ƙara. Da sukurun farko ya shiga katako, direl ya yi nishi ya tsaya, sai Fahad ya ɗago ya dube ni. Na ce ya rataya. Ya kama da hannu biyu ya ɗage ƙafafunsa, ƙato da shi, karafan gaba ɗaya ya karkato, ƙarfen ko gezau.

Ranar Juma'a ba teku muka nufa ba, ƙofar gidansu muka kai shi, muka toshe rabin hanya, maƙwabta suna leƙe. Jikoki suka shiga suka yi ta magiya, Ammu Isiyaku yana tsaye a waje yana gyara hular da ba ta karkace ba. An daɗe. Har na fara tunanin yadda za mu juya da karafan a wannan matsatsi, sai ga ta a bakin ƙofa, jika a kowane gefe, tana faɗa.

"Ni ba tafiya zan yi ba. Gani kawai zan yi, in ga abin da kuka ɓata wa lokaci."

Aka taimaka mata ta hau matakala. Ta tsaya a ciki tana kallon labulen da ita ta ɗinka da can, wanda na sa aka wanke na mayar. Sai ta hango ƙarfen banɗaki.

"Wancan ai shi ne ya kayar da ni."

"Shi ne, ya khala. Bango aka canja masa."

Ta saki jikokin don ta gyara mayafi, ta ɗaga ƙafa za ta matsa gaba, hannunta na hagu ya tafi neman bango da kansa yadda ya saba a gida, sai ya sauka a kan dogon ƙarfen. Ba ta ko duba ba. Ta yi taku, ta ƙara, har bakin banɗaki. Nan ta tsaya ta kalli hannunta, ta kalle ni. Sai ta damƙe ƙarfen ta jijjiga shi da mugunta, ta tura, ta ja, ta saki nauyinta duka a kai. Fahad ya kawar da kai, ya kasa kallo. Ni kaina sai da na matso kusa da ita, duk da na san abin da ke cikin bangon.

"Wa ya gaya maka nan nake dafawa?"

"Bangon gidanki, ya khala."

Ta ce, "Ɗan banza, ashe ba takalmi kake nema ba. To ka sani, ba zan daina kwara ruwa ba."

"Kwara abinki, na yi masa faranti."

Ta juya wajen mijinta da ke leƙe ta taga. "Kai kuma ka tsaya kana kallona? Yalla, a ɗauko butar shayi, yamma na yi."

Karafan ɗin ya dawo warsha bayan an yi sanyi an yi zafi, mukayyif ne ya daina aiki. Kafin in hau rufi na shiga na durƙusa a banɗaki na soka basilla, ta ƙi shiga. Ƙarfen ya dushe a tsakiya, sheƙin ya tafi, ya ɗauki ɗan ja-ja na lalle. Ina cikin dubawa sai na ji ana dukan bango daga waje, dukan mai kira. Na leƙo. Khala Rakiya ce tsaye a tsakiyar warsha da sandar dogarawa, ƙafarta cikin garin katako, Ammu Isiyaku na bayanta riƙe da jakarta yana washe baki.

"Wani ƙarfen nake so a nan waje, gefen matakala," ta ce. "Yaran nan sun dame ni wai in sauko in taɓa ruwa."

"To sai na zo gida na auna."

"Ba ka ƙara shigar min lungu. Kawo allinka."

Ta ɗora tafin hagunta a jikin alminiyam ɗin, ta tsayar da shi a nan, na zagaye shi da alli.